Akwatin Inna Tabawa Ba Na Haya Ba Ne

Ɗauke hannunka daga kan akwatin nan, Fahad, kuma ka daina girgiza shi. Duk abin da ke cikin shagon nan na sayarwa ne ko na haya, ban da shi. Kun ce in je da mota in kwashe muku kayan wani ɗaki in ajiye kwana uku, in ba ku katifa ɗaya da fitilar tsaye da tsohon akwatin ƙarfe, ku ɗauki fim ɗinku na soyayya a ɗakin da ba komai. Katifa ga ta, fitila ga ta. Akwati kuwa ku nemi wani. Kuma na ji abin da abokinka ya faɗa da Larabci sa'ad da kuke shigowa, yana tsammanin kunnena ya tsufa: wai Ammu Sale, Baffa Sale ke nan, ya huta, yana zaune a inuwa kaya na kawo kansu. To ku ja kujerun robar nan ku zauna. Tunda kun ɓata min hantsi, ni ma sai na ɓata muku naku.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina sayen tsofaffin kayan gida a garin Makka ina sayarwa. A hannun Malam Bawa na koya, Allah ya jiƙansa, wani Bakano mai shago a Hindawiyya, ɗan gajere, mai faɗa kamar ya ari baki. Shekarata ta farko a wurinsa ban taya ko cokali ba. Igiya kawai. Yadda ake ɗaure dulab, wato kabad ɗin tufafi, a bayan dabbab, ƙaramar motar kayan nan mai buɗaɗɗen baya, ta hau tudu ta sauka bai motsa ba. In na ɗaure, sai ya zo ya sa yatsa ɗaya ya ja. In igiyar ta ba da, kwancewa yake ya zubar a ƙasa ya koma ya zauna. Akwai ranar da na ɗaure kujera ɗaya sau tara.

Aikin farko da ya bar min ni kaɗai, wani dulab ne mai madubi a can saman Nakkasa. Ku ba ku san Nakkasa ta da ba. Gidaje ne a jikin dutse, wani bisa wani, mota ba ta hawa, sai matakala mai karkata da lungun da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya juya kafaɗa. Na kwance ƙofofin, na naɗe madubin da bargo, na goya gangar jikin da igiya a goshi, na fara sauka. Kan kowace kwana sai na tsaya na auna da ido, in ce bismillah, in karkata. Na iso ƙasa na dire shi, ina jiran a ce sannu. Malam Bawa ya zagaya dulab ɗin, ya nuna wata ƴar ƙujewa a ƙafarsa ta baya, ya ce, "Wannan ta gidan ce ko taka ce?" Na ce tawa ce. Ya ce, "To ka iya faɗin gaskiya, saura ɗauka." Gwiwoyin da kuke ji suna ƙara in na miƙe, a can na baro su.

Ga jakar aikin can a rataye, ku duba ku gani. Tef na awo, don ƙofar gida ba ta san girman gado ba. Sukudireba biyu. Alli, na yi wa katako lamba kafin in kwance, in ba haka ba gado ya zama itacen wuta. Tocila, ta leƙa lungu da saƙon katifa saboda kuɗin cizo, wanda in ɗaya ya shigo shago ka gama ciniki wata guda. Katako ƙwanƙwasa shi ake, a saurara, in gara ta ci cikinsa muryarsa daban take. Firji ba a kwantar da shi, in kuwa dole ta sa, sai ya yini a tsaye kafin a jona. Dulab kuma da hanci ake sayensa, ka buɗe ka shinshina, don warin danshi ba ya fita ko ka ƙona turaren duniya. Da can akwai almakashi a jakar, babba mai baƙin hannu irin na teloli, na yankan igiya da bargo. Malam Bawa ne ya bar min shi. Za mu zo kansa.

Duk wannan mai sauƙi ne, jaki ma zai koya in an yi haƙuri da shi. Mai wuyar shi ne mutane. Ba wanda ke sayar da gadonsa don daɗi. Ko mutuwa aka yi, ko aure ya mutu, ko tashi ya kama, ko aljihu ya bushe. Kana shiga gida ka san wanne ne a ciki, ka san inda za ka sa idonka da inda za ka kawar. Kuma a gidajenmu na Hausawa akwai doka ɗaya da Malam Bawa ya dasa min tun kafin in iya tuƙi: kayan ɗaki na mace ne. Gado, kwanuka, kabad, akwati, ko miji ne ya saya, in dai a ɗakinta suke, nata ne. Ba a ɗauka sai an ji daga bakinta. Ba daga bakin miji ba, ba ɗa ba, ba suruki ba. Ko ta bayan labule ne, sai ta ce, "Na yarda, ku ɗauka."

Na ga ranar dokar nan da idona. Wani direban tasi ya kira mu, fuska a murtuke, ya ce mu kwashe ɗakin nan duka. Ni da zafin ƙuruciya har na sauke gado da rabin kwanuka ƙasa kafin Malam Bawa ya iso. Ya ce, "Ina mai ɗakin?" Mutumin ya ce tana gidansu, kuma ba ruwanmu. Malam Bawa ya juyo ya ce, "Sale, mayar." Na mayar da gadon nan sama, na haɗa, na jera kwanukan yadda na tuna. Mutumin ya zage mu har bakin titi. Bayan sati biyu aka yi sulhu, matar ta dawo ta sami ɗakinta. Ita ce ta riƙa turo mana ciniki har ta bar duniya, shi kuwa har yau in ya gan ni sai ya sunkuyar da kai.

Sai shekarar rusau. An shafa jan fenti a bangon gidajen Nakkasa, unguwar da na tashi, aka ba mutane wa'adi, unguwa guda ta tashi lokaci ɗaya. Kowa na sayarwa, ba mai saye. Haraj, kasuwar tsofaffin kaya, ta cika ta batse, dulab bisa dulab a rana har katako ya riƙa tsagewa da kansa. Lokacin Malam Bawa ya riga ya rasu, ni ke da shago. Maƙwabtana na yarinta ne ke kirana, matan da suka ba ni tuwo ina ƙarami. Yaya zan ce ba na so? Na saya don kunya, na jibge a wani fili, rana ta cinye rabi. Kuma a wannan shekarar ne bakina ya daina tambaya. Wa za ka tambaya? Mai ɗaki na zaune a kan ƙullin kayanta a bakin hanya, kafin ka buɗe baki ta ce, "Ɗauka kawai, ɗan nan, ina zan kai shi?" Sau ɗari ka ji amsa ɗaya, sai ka fara ganin tambayar ɓata yawu ce. Rusau ya wuce, na dawo nan Utaibiyya na buɗe wannan shagon, amma tambayar ba ta biyo ni ba.

Sai kuma ga zamaninku. Yara suna kirana, wai sun gani a waya cewa yawan kaya ke kawo damuwa, mutum ya zauna da katifa ɗaya da kofi ɗaya da tukunyar fure, ransa ya huta. Oho! A Nakkasa haka da yawanmu muka zauna, amma mu talauci muke ce masa. Ban yi musu da kowa ba, ciniki ne ya zo. Ina kwasa, bayan wata shida su dawo su sayi kujera.

Shekara uku da suka wuce, wata ranar Talata bayan azahar, wata yarinya ta kira ni wani bene a bayan nan, hawa na uku. Jumana sunanta, ba ta wuce sha bakwai ba, haihuwar nan, Hausarta guntu-guntu irin taku. Na hau ina haki na same ta da ƙawayenta biyu, ƙofa a buɗe, sun kafa waya a kan ƙarfe mai ƙafa uku. Fim za su yi. Ta tsaya ta ba ni labarinsa duk da ban tambaya ba: yarinya da yaro, tagarsu na kallon juna, suna son juna ba su taɓa magana ba, ita kuma yarinyar ɗakinta fari fat ba komai a ciki. Ita za ta fito a yarinyar. Ta ce duniya ba abin da take so sai ta zama ƴar fim, ta faɗa idonta na ƙyalli, har na ji ta ba ni tausayi.

Ɗakin da ta nuna min, ko makaho ya shafa ya san na tsohuwa ne. Gadon ƙarfe mai rumfa, kabad mai gilashi cike da kwanukan tasa da fantekoki, buzun salla, carbi a ƙusa, ga akwatin can a ƙarƙashin gado. Na san ma mai ɗakin: Inna Tabawa, tsohuwar nan da ke sayar da dakakken yaji da kuka a Nakkasa, wadda bayan rusau ɗanta ya ɗauko ta ya kawo nan, suke kwana ɗaki ɗaya da jikarta. Na ce, "Ina Inna?" Jumana ta ce, "Sitti tana Madina, ziyara, sai Juma'a." Na ce, "Ta yarda?" Ta ce, "Aiwa, Ammu, kullum tana cewa kayan nan sun ishe ta. Ka ɗauka duka, halas." Ku ji fa. Yarinyar ba ƙarya ta yi ba, tsohuwa ta sha faɗin haka, kamar yadda kowace tsohuwa ke faɗa in tana shara. Waya na cikin aljihuna, lambar ɗanta na ciki. Minti ɗaya ya isa. Amma rana ta yi zafi, gwiwa na ciwo, na bar dabbab a lungu ya tare hanya, ana ta danna min oda daga ƙasa. Na ce wa leburorina su fara sauke gado.

Mu akwati muke saye, ba abin da ke ciki ba. Na jawo shi, na buɗe, na zazzage a tabarma: zannuwa, tsohuwar takardar tafiya, ƙullin turare, sai wani farin ƙyalle mai nauyi a naɗe cikin leda. Jumana ta warware shi, ta yi tsalle. Wai ga labulen da take nema, fari mai kaushi, rana za ta ratso shi ta yi kyau a hoto. Tagogin ɗakin uku ne, gajeru. Ta ce, "Ammu, akwai almakashi?" Na ciro na Malam Bawa na miƙa mata. Ta gwada, ƙyallen na zamewa. Ta ce in riƙe mata bakin. Na auna mata da tef, na ja layi da alli, na riƙe na ja ya miƙe.

Tana cikin yanka na farko yatsuna suka gaya min. Saƙi ne, na hannu, ƙwarya-ƙwarya, wato falle-falle sirara, an haɗa da ɗinkin allura, zaren kaɗin mazari mai ƴan ƙulle-ƙulle. Ga ƙanshin kafur yana tashi. Na san abin da tsohuwa ke ajiyewa fari a ƙasan akwati da kafur. Wallahi na sani. Almakashi ya kai tsakiya, na ce a raina ai an riga an yanka, magana ba za ta mayar ba. Odar motoci na ƙaruwa a ƙasa. Na riƙe mata na biyu, na riƙe na uku. Ragowar ta kekketa ta ɗaure labulen da su. Na ɗauki akwati na sauka.

Ranar Asabar da hantsi, kamar war haka, ina nan inda nake zaune, sai ga Inna Tabawa ta shigo tana dogara sanda, Jumana na bayanta ido ya kumbura. Na miƙe na ce, "Inna, sannu da hanya, an dawo lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, yaron Bawa." Haka take kirana, da furfurata. Na fara zuba: gado na nan ban sayar ba, kabad na nan, kwanuka kaɗan sun fita amma na san wanda ya saya, kafin la'asar komai zai koma ɗakinta. Ta bar ni na gama. Ta ce, "Ba su suka kawo ni ba."

Ta buɗe jakarta ta shimfiɗa guntaye uku a kan teburin nan. Bakin kowanne ya fara zarewa. Ta ce uwarta ta taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ta yi shekaru a Sudan tana tsinkar auduga a gonakin mutane don ta sami na jirgin ruwa. A can ta riƙa tara ƴar audugar da ake ba ta, ta kaɗa da hannunta, wani masaƙi Bahaushe ya saƙa mata likkafani biyu. Da suka iso ta wanke su da zamzam. Ɗaya an rufe uwar da shi. Ɗayan ta ba Tabawa ranar da za a kai ta ɗaki, ta ce ga rigar da ba za a yi miki aro ba. Inna ta ce shekara sittin tana fito da shi duk Muharram ta shanya ta canja kafur. Gobara ta yi a Nakkasa ta fita da shi. Ranar rusau ta bar tukwanenta ta rungumo shi. Ta ɗauki mafi tsawo a guntayen ta kara a jikinta, daga kafaɗa bai kai gwiwa ba.

Jumana ta fashe da kuka, tana cewa da Larabci ita ce, ita ce, ba ta sani ba. Inna ba ta ko waiwaye ta ba. Ta bi bakin yankan da yatsa a hankali, ta ce, "Dubi nan. A miƙe yake, ga ma sauran alli. Saƙi ba ya yankuwa haka a hannun mutum ɗaya, zamewa yake. Wa ya riƙe mata?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ita ba ta taɓa ganin irinsa ba, a nan aka haife ta, a nan aka haifi ubanta. Kai da me aka rufe uwarka?"

Ta san amsar, da saƙi irin wannan ne, don tana cikin matan da suka yi wa uwata wanka. Na taɓa jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Kafin la'asar na mayar da komai, na haɗa gado, na jera kwanuka, na bi wanda ya sayi sauran har Hindawiyya na karɓo. Akwatin na ɗauko a ƙarshe a kafaɗata. Ina kai shi bakin ƙofa ta ce, "Tsaya nan. Me zan saka a ciki? Koma da shi, na ba ka. Yanzu ka ji daga bakina."

Na zagaya ko'ina neman saƙi. Na tambayi masu zuwa Umra daga gida, na aika saƙo Kano, har an kawo min wani. Ta shafa ta ce mai kyau ne, Allah ya yi albarka, ta mayar min. Ba saƙi take nema ba, na uwarta take nema, ni ma na san haka tun kafin in aika. Bayan ƙaramar salla ta rasu. An yi mata sutura da farin yadin kanti irin na kowa. Matan da suka yi mata wanka sun ce guntu ɗaya ya isa lulluɓin kai, da shi aka rufe mata kai, Jumana ce ta kalmashe bakinsa da allura tun tsohuwar na da rai, tana zaune tana nuna mata. Na bi gawar har Harami, na bi ta har makwanci.

Fim ɗin kuwa an yi shi, tun a waɗannan kwana ukun suka gama ɗauka. Na gani a wayar wani. Ba zan yi ƙarya ba, yarinyar ta iya, in ta tsaya bakin taga tana kallon yaron sai ka manta wasa ne. Yanzu tana Jidda tana koyon abin sosai, Allah ya taimake ta, in ta zo gari takan leƙo ta gaishe ni. Mutane sun yi ta yaba hasken da ke ratso labulen. Ni ban iya kai shi ƙarshe ba.

Abin da ka ji yana ƙara da ka girgiza akwatin, almakashin ne. Da wuƙa nake yanka igiya yanzu, tana ɓata baki, amma haka nan.

To, na gaji da magana, rana kuma ta yi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kun dai ji. Ku yi fim ɗinku, ban hana ba, soyayya ba yau aka fara ta ba. Katifa da fitila ku ɗauka. Ɗakin da za a kwashe fa, Fahad, na waye? Na umminka. Tana ina? Ɗa'if, wurin ƴar'uwarta, sai Juma'a. Kuma ta yarda, ko? Ta sha cewa kayan sun ishe ta.

Ciro wayarka ka kira ta. A'a, ba saƙo ba, kira. In ba ta ɗauka ba mu jira, ba inda za ni. Ta ɗauka? Miƙo nan.

Salamu alaikum, Hajiya. Sale ne, mai tsofaffin kaya na Utaibiyya. Wata ƴar tambaya ce da ni.